Sallau da Tukubar Ubansa

Ke Ramlatu, maimaita abin da kika ce in ji da kyau. Wai da littafi da waya, wanne ya fi koya wa mutum gashin nama? Ni kike yi wa wannan tambayar? A gidan mahauta, a kan tabarmata, da tuwona a cikinki? Kife wannan abar da ke haska miki fuska kafin in jefa ta rijiya. Ku ma ku matso, tun da 'yar'uwarku ta tsokano ni, kowa sai ya ji. Kuma ba tatsuniya zan yi muku ba, kada in ga haƙoran kowa.

Kakanku Barau, Allah ya jiƙansa, a bakin tashar Kanyar Maje yake da tukuba, wannan tudun tokar da ake kafa tsinken tsire a kewaye da wuta. Ubansa ne ya tara tokar, shi ya gada. Ni ke soya ƙuli, ni ke daka yaji, shi ke tsayawa a kan wuta. 'Ya'ya biyu suka rayu mana, uwarku Hansai da kawunku Sallau. Barau ya rantse ɗansa ba zai sha hayaƙi ba, ya kai shi boko. Karatu ya shiga kan yaron nan ya cika shi taf, da hankali ya zo bai samu wurin zama ba. Abin da ya gani a rubuce, ko aka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce masa tsaya nan, gobe a nan za ka same shi.

Da aka yi sadakar arba'in ɗin Barau, Sarkin Fawa Jatau ya yi sallama a ƙofar gidan nan. Ya ce, "Kande, tukuba ba ta zama da toka mai sanyi. Na ba ɗanki daga yau zuwa kasuwar jajiberin Babbar Sallah. In ya iya, wurin ubansa ne. In bai iya ba, Ɗanliti zan ba." Ɗanliti fa! Wanda ya yi shekaru yana wanke wa Barau daro! Ni daka na sani, ban taɓa tsayawa a kan tukuba ba, aikin maza ne. Mahautan da za su koya wa Sallau kuwa kowa wurin yake so wa kansa. Na ce wa Sallau, "To yaya za mu yi?" Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, komai akwai shi a littafi."

Wata rana ya shiga mota ya je Zariya, ya dawo da wani ƙaton littafi na Turawa da ya saya a bakin titi, nauyinsa ya kai na ɗan akuya. A shafin farko an ce kafin ka hura wuta, ka shirya wurinka kamar yadda kake gani a hoto. A hoton akwai Bature da ƙyalle ɗaure a ƙirji, da ciyawa a ƙarƙashinsa, da kare a kwance kusa da ƙafarsa. Sallau ya cire zanen gadona ya ɗaura a wuya. Ya yanko ciyawa ya shimfiɗe bakin tasha. Sannan ya je wurin maharba ya aro kare, ya ɗaure shi a gindin tukuba. Kare a jikin naman da Musulmi za su ci! Awakin gari suka taru a kan ciyawa, kare ya tsinke ya bi awaki, igiyarsa ta kwashe tsire gaba ɗaya. Na iso ina haki na ce, "Kai, wannan karen na mene ne?" Ya ce, "Ni ma ban san aikinsa ba, Inna, amma yana cikin hoto."

Wata rana kuma ya gasa, kuma ba laifi, ƙamshi ya tashi. Mutum huɗu suka saya. Na biyar ya miƙo hannu, Sallau ya rufe nama da takarda. Wa kuke zaton na biyar ɗin? Sarkin Fawa ne da kansa, ya zo ya ɗanɗana ya ga inda aka kwana. Ya ce, "Yaro, yanko mini." Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙare." Jatau ya ce, "Wannan da nake gani jibge fa?" Sallau ya buɗe littafi ya ɗora yatsa. "Nan an rubuta na mutum huɗu ne. Kai ne na biyar. Sai dai ka zo gobe da wuri." A gaban direbobi da kwandastoci! Da yamma ni na ja mayafi na je na durƙusa a zauren Jatau, mutumin da ko a bikina bayan Barau yake tafiya.

Ke Ramlatu, dariya na ga kina yi? Bari ki ji ta gaba, ita ce ta hana ni fita unguwa.

Wata rana littafi ya ce a cuɗe nama da barkono da citta da tafarnuwa, a ajiye shi ya kwana a wuri mafi sanyi da kake da shi. Mu ba firji gare mu ba. Sallau ya bi garin nan lungu-lungu yana taɓa abubuwa da tafin hannu, ɗaki, rumbu, gindin kuka, har ya tabbatar babu abin da ya kai randar masallaci sanyi. Ya ƙulle naman a tsumma ya nutsa shi ciki. Da asuba dattawa suka cika butoci a cikin duhu, suka kuskure baki, suka shaƙa a hanci, suka wanke fuska. Daga nan ɗakina na ji salati da atishawa. Ladan ya hau kiran salla, tari ya sarƙe shi a tsakiya. Liman ya ja salla hawaye na bin gemunsa. Da aka kamo Sallau, ko gezau. Cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, don Allah kada a ciro shi tukuna, bai gama kwana ba."

Ranar na ƙwace littafin na cusa shi a ƙarƙashin buhun gero. Sai uwarku ta ji labari daga birni, maimakon ta aiko da addu'a, ta aiko da waya. Wai littafi tsohon yayi ne, yanzu a bidiyo ake koyon komai, kana kallo kana yi. Kun ji mai hankalin gidan.

Wata rana Sallau ya jingina waya da dutse, ya kafa tsire, wani mutum mai farar hula yana gashi a cikin waya, shi kuma yana binsa. Mutumin ya ɗaga hannu zai juya nama, sai sabis ya ɗauke. Hoto ya tsaya cak, hannu a sama, baki a buɗe. Sallau ma ya tsaya cak, hannu a sama, baki a buɗe. Nama ya fara ƙauri. Mai shayi ya ce, "Sallau, juya!" Bai juya ba. Mai rake ya ce, "Kai, yana ƙonewa!" Aka aiko a kira ni. Na tarar da tsire ya koma gawayi, ɗana na tsaye kamar an dasa shi, ƙuda na shiga bakinsa yana fita. Na ɗaka masa duka a baya na ce, "Makaho ne kai?" Ta gefen baki ya amsa mini, don kada ya motsa. "Inna, malamin bai juya ba tukuna."

Wata rana sabis ya zauna lafiya, wannan kuma ya fi muni. Mai farar hula ya ɗora nama a wuta, kafin ka yi salla raka'a biyu ya sauke shi jawur, yana lasar yatsa. Ashe yanke tsakiyar suke yi, su nuna maka farko da ƙarshe. Ko ni da ban san bihim ba na gane wannan. Sallau kuwa da mutumin ya sauke, shi ma ya sauke. Nama ɗanye shataf, ko ƙulin bai yi zafi ba. Wani direba mai sauri ya saya a ƙunshe ya ci a hanya. Fasinjojinsa ne suka kawo mana labari, sun ce daga nan zuwa Funtuwa babu kurmin da bai tsaya ya gaisar ba. Washegari ya dawo da ƙarfen tayar da taya a hannu yana tambayar ina ɗan Barau. A rumbu na ɓoye kawunku, na zauna a bakin rumbun ina tsinkar zogale.

Wata rana ya tono littafin daga ƙarƙashin gero, ya ce zai haɗa malamai biyu don kada a sake kuskure. Littafi ya ce a sa gishiri tun nama yana ɗanye. Waya ta ce duk wanda ya sa gishiri kafin nama ya sauka ya kashe shi. Sallau ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya rungumi littafi, ya ɗauki waya, ya bar nama a buɗe a kan faranti, ya tafi gidan Mai gari wai a yi musu shari'a. Mai gari na tsakiyar rabon gado, Sallau ya zauna a layi da ladabi. Kafin layi ya zo kansa, shirwa ta sauko ta yi nata hukuncin. Faranti kawai aka kawo mini, a lashe.

Haka muka kai jajibere. Babu mahaucin da zai ƙara ba mu nama. Ɗanliti har ya sayo sababbin tsinke yana feƙewa a gabanmu. Abu ɗaya ya rage a gidan nan, ragon layyata, wanda na yi kiwonsa tun yana ɗan tunkiya, da dusa da ƙaiƙayi da hannuna. Na dube shi, na dubi tukubar Barau, na ce a yanka. Na daka yaji irin wanda ban taɓa dakawa ba. Na kama kunnen Sallau na ce, "Ka ga naman nan? In ya yi ja, ka juya. In ɗaya gefen ya yi ja, ka sauke. In na ji ka tsaya jiran wani malami, ba ni na haife ka ba." Ya ce to.

Ya gasa rabin ragon, kuma ya gasu. Amma wayar na cikin aljihunsa tana surutu, sai ya ji mai farar hula yana rufe karatunsa: "Ku ba kowa ya ɗanɗana, ku tambaye shi yadda yake so, sannan ku yi masa yadda ya ce." Shi ke nan. Sallau ya ɗora faranti a ka ya shiga kasuwa, ya bi rumfa-rumfa yana rabar da ragona kyauta. Mai tumatir, mai takalmi, dillalan shanu, matan da ke awo, har da direban nan mai ƙarfen taya. Kowa ya miƙa masa tsinke ya ce, "Yaya kake so?" Da labari ya iso ni, taɓarya na ɗauka. Wallahi ba don kasuwa ta cika ba, da a ranar uwarku ta rasa ɗan'uwa.

Kafin in kutsa in isa tasha, na tarar da mutane sun kewaye tukuba da kuɗi a hannu, Sallau na gasa sauran rabin. Ashe duk abin da kowa ya faɗa, yana nan a kansa ba ragi ba ƙari. Wata tsohuwa ta ce ba ta da haƙori, ya yayyanka mata ƙanana ya bar shi ya yi laushi. Wani Alhaji ya ce likita ya hana shi gishiri, ya gasa nasa daban, ko ƙwaya bai sa ba. Wani ya ce kitse zalla, wani ya ce ya ɗan ƙone ta baki. Direba ya ce, "Ni dai ya gasu, don girman Allah." Kun san masu tsire, ka ce kada a sa yaji, su ce to, su zuba maka cokali biyu suna hira. Mutanen garin nan ba su taɓa ganin mai naman da za ka faɗa wa magana ya yi ta daidai ba.

Ana haka sai ga Sarkin Fawa, Ɗanliti na biye da shi rungume da tsinkensa, an zo miƙa wuri. Jatau ya tsaya yana kallo. Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya kake so?" Ya ce, "Yau ni ne na nawa?" Aka yi dariya. Sannan ya ce, "Gyambon ciki gare ni. Kada barkono ya taɓa shi." Sallau ya wanke wuƙa, ya goge katako, ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗauko takardar da ba ta kusanci yaji ba, ya ƙunshe masa. Jatau ya ci a tsaye, ya cinye, ya ce, "Tun da ciwon nan ya kama ni nake faɗa wa mahautan garin nan haka, ni sarkinsu, ba wanda ya taɓa ji. Har ubanka, Allah ya jiƙansa." Ya juya ya ce, "Ɗanliti, kai tsinkenka gida." Ɗanliti ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wawa ne!" Jatau ya ce, "Na sani. Tukubarsa ce."

Ga kawunku can har yau a bakin tasha. Jiya wani ya ce masa ya sa albasa da yawa, sai da ya tono namansa daga ƙarƙashi. Amma tokar Barau ba ta huce ba.

Me kika ce, Ramlatu? Wai ashe waya ce ta yi nasara? Waya ce ta yi kiwon ragon? Waya ce ta daka yajin? A shekarar nan ni Kande, matar mahauci, surukar mahauci, da naman da maƙwabta suka aiko a kwano na yi Sallah, ina amsa sannu kamar mai takaba ta biyu. Ki je ki tambayi mai farar hularku ko ya san wannan.

Ku tashi mini daga tabarma. Kowa ya wanke hannu ya kuskure baki ya je ya kwanta. Ke kuma miƙo wayar nan, a ƙarƙashin matashina za ta kwana.