Madabod Ɗin da Ya Fi Ƙarfin Akwatinsa

Kwamfutar da nake zanen gidaje da ita ni na haɗa ta da hannuna, kuma duk unguwarmu ta Sheshe babu wanda ban gaya wa ba. Da madabod ɗinta ya ƙone, wato allon da komai ke maƙale a jikinsa, sai na nufi kasuwa ina taƙama.

Mai shago ya ce, "Yallaɓai, wane irin akwatin kwamfuta gare ka?"

Na ce, "Malam, ba ni madabod mafi girma kawai."

Haka na zaɓo shi kamar ragon layya. Har abokai na gayyato zaure bayan la'asar su ga aikin gwani. Na ɗauko shi da bisimilla, na kara a bakin akwatin, ya ƙi shiga. Na juya shi, na karkata, har lallashinsa na yi. Faɗin yatsu huɗu cur ya rage a waje.

Abokina Sabo tela ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Injiniya, ko wando sai an auna mai shi!"

Har yau in na gifta ta shagonsa, sai ya ɗago tef ɗin awo yana kaɗa min: "Injiniya, a ara maka?"