Addu'ar da Aka Amsa a Garka

Wata Lahadi da muka taso daga majami'a, na ce wa iyalina a garka za mu yi addu'ar godiya, don a shekarar ganyen salati da shu, wato latas da kabeji, sun yi kyau a kwarinmu na Gure. Ni na shiga ƙarshe, ina jin kaina kamar fasto. Ƙofar shinge kuwa ko waiwayenta ban yi ba.

Muka durƙusa a inuwar dabino. Na kafa doka: kowa ya rufe ido, kada wanda ya katse ni.

Iska na gangarowa daga tudun rairayi, maganar kuma tana zuwa mini da daɗi. A zuci har na hango garkar ta miƙe kore shar har zuwa garin Bune. Na roƙi Ubangiji ya ƙosar da duk mai jin yunwa daga wannan ƙasa tamu.

"Baban Dauda," in ji matata Saratu a hankali.

Na ƙara ɗaga murya don ta koyi haƙuri. Ƙurmus-ƙurmus ɗin da nake ji kusa da ni ma, na ɗauka motsin ganye ne.

Da na ce amin na buɗe ido, awakin maƙwabcinmu Malam Kyari sun gama da salati, sun shiga shu.

Saratu ta ce, "Maigida, an amsa maka tun kana durƙushe."

Har yau in mun haɗu a kasuwa, Malam Kyari yakan riƙe hannuna ya tambaye ni cikin ladabi, "Yaushe ne addu'a ta gaba? Awakin sun fara ramewa."