Idon da ya kusa lalata auren Garba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raka abokina Garba gaishe da surukansa a Gulma. Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni da shi muna koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi.

Makon ya zo daidai da duba jarrabawa. Ba na samun barcin kirki, goro da shayi ne abincina. Sai fatar idona na hagu ta soma rawa. Ban damu ba, tunda ba ciwo take yi ba.

Wanda ya karɓe mu baffan yarinyar da Garba yake nema ne, Alhaji Mamman, manomin shinkafa mai ƙarancin dariya. Muka durƙusa a zaure, ya soma yi wa Garba tambayoyi.

"Kana shan taba?"

"A'a, Baba."

Idona ya harba.

"Ka taɓa aure?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Ya sake harbawa, daidai lokacin da Alhaji ya dube ni. (Ni kuwa sai murmushi nake, wai in nuna tarbiyya.) Na ga dattijo ya gyara zama. Daga nan duk amsar da Garba ya bayar, ni yake kallo, idon nan kuma bai fasa aikinsa ba.

Da muka tashi ya ce in tsaya. Ya rage murya.

"Ɗana, na gane saƙonka, Allah shi yi maka albarka. Hwaɗa min gaskiya, mata nawa gare shi?"

Na ce ba shi da ko ɗaya. Na rantse, na sake rantsewa, ido na ƙaryata ni. Ya ce tunda ina jin nauyin abokina, a dakatar da maganar sai ya bincika. Garba yana ƙofar zaure, ya ji komai.

Allah ya kawo ƙanwar Alhaji, Gwaggo Hajo, wadda ta daɗe tana aikin jinya a Argungu. Ta leƙa fuskata, ta tambaye ni barcina da goron da nake ci, sannan ta juya wajen yayanta.

"Yaya, wanga ba saƙo ba ne, gajiya ce."

Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta ce in ɗora a ido. Ta ce in yi barci, in rage goro da shayi, in riƙa hutar da ido in ina karatu. In abin ya daɗe, ko ido ya kumbura, in je asibiti.

Alhaji ya yi dariya har da tari. A mota Garba ya yi ta hararata, amma an ɗaura aure bayan girbi.

Har gobe ina yi wa Gwaggo Hajo addu'a. Tun daga ranar, in za ni raka wani gidan surukai, sai na yi barci na ƙoshi, kuma ƙasa nake kallo har mu fito.