Abin da Na Cusa a Bututun Ogan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da furfurata ta kasa cetona a Ras Al Khor, wata unguwar masana'antu a Dubai. Shekarata goma sha tara ina ɗaurin kaya a wani ofishin kago, wato na aika kaya gida, da ke unguwar Deira, kuma duk wanda ya san ni ya san wa'azina guda ne: ba a tura iska Najeriya, can ma akwai ta. In an kawo firji, sai na cika cikinsa da takalma. Tukunya kuwa sai ta haɗiyi ƙannenta bakwai. Boko dai a aji huɗu muka rabu (shi ya fara tsokanata), amma a ilimin cusa abu cikin abu, ni farfesa ne.

Wata Talata maigidanmu Alhaji Sabi'u ya tura ni Ras Al Khor ɗaurin kaya a shagon wani Ba'indiye, Mista Tomas, mai ƙera ogan. Wani akwatin kiɗa ne mai madannai, da bututu jere a kansa kamar sarewa ɗari, daga mai tsawon yatsa har wanda ya kai ni tsayi. Yana yin ƙanana na gida da na coci, kowa da awon ɗakinsa. Wannan na wata coci ne a Jos, wata tara yana aikinsa. Ya kwance shi, ya jera bututun a ƙasa, ya ce da ni, “Baba, shwaiya shwaiya.” Wai ni za a koya wa a hankali.

Da ya fita cin abinci na duba manyan bututun katako guda goma sha biyu. Kowanne da murfi a ka. Na zare ɗaya na leƙa, wayam. Raina ya ɓaci. Mutum da gemunsa ya ɓata wata tara yana ƙera gidan iska!

To, a jakata akwai saƙon mai ɗakina, wadda ke 'yar sana'a a gida: rigunan mama dozin uku da na sayo a kasuwar Karama, ina sunkuyar da kai ina cewa na ƙanwar maƙwabci ne. Mako biyu ina neman inda zan ɓoye su kada abokan aiki su gani. Sai ga Allah Ya kawo rami goma sha biyu masu murfi. Na nannaɗe su uku-uku na zura, na danna murafun da tafin hannu har suka zauna daram, fiye ma da yadda Tomas ya bar su. Shirina shi ne surukina da ke sito a Kano ya zare su kafin motar Jos ta ɗauka. Na yaba wa kaina sosai.

Washegari sai ga Alhaji da baƙuwa, Madam Rifkatu, shugabar zumuntar matan cocin, ta sauka daga jirgi da asuba. Ta ce ba za a rufe kwantena ba sai kunnenta ya ji abin da za ta kai wa mutanenta. Na kawo hujjoji masu nauyi: zafi, ƙurewar lokaci, jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Alhaji ya ce kada ta damu da ni, tsabar kula da amana ce, ai Baba Amana ake kirana. Ya ƙara da cewa ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. (Gaskiya ne. Matsalata ƙari ce, ba ragi ba.)

Tomas ya shafe awa biyu yana dasa bututun, ni ina miƙa masa ina salati a zuci. Ya kunna injin da ke zuga iska, ya zauna. Ƙananan suka yi zaƙi har Madam ta lumshe ido tana bin waƙar. Da ya gangara hagu wajen manyan, sai ɗaya ya yi fuuu kamar tsohuwa na hura wuta. Na biyu ya yi kukan akuyar da aka taka. Na uku ya ƙi cewa komai, shi kaɗai ya rufa min asiri.

Na ce ƙila danshin teku ne. Na ma fara bayani a kan yadda katako ke kumbura. Tomas bai kula ni ba. Ya ɗauko wata waya mai ƙugiya, ya zare murfi, ya zura. Abin da ya fito ja ne, mai leshi. Ya sake zurawa, shuɗi. Ya riƙa jera su a kan madannan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai baje koli a kasuwa.

Alhaji ya tambaya ko na wane ne. Mu huɗu ne a shagon, kuma uku a cikinsu ni suke kallo. Bizata a hannun Alhaji take, na san kalma ɗaya daga bakin matar nan ta isa ta mai da ni Kano da jaka ɗaya.

Madam ta ɗaga jar da yatsa biyu, ta juya ta, ta duba ɗinkin.

“Baba, na Hajiya ne?”

Na ce na sayarwa ne, ranki ya daɗe.

“To ka gaya mata sun cuce ka, wannan wanki biyu zai yi.” Ta juya ga Alhaji. “Kada ka kore shi. Shi zai ɗaure min kayan, don yanzu duk Dubai babu wanda zai fi shi tsoron bututun nan.”

Kwana biyu Tomas ya yi yana gyara muryoyin, don ashe zaman kowane murfi awo ne, ni kuwa na danne su duka. Hukuncina shi ne in zauna in danna madanni ɗaya in riƙe, har sai ya ce kalas, wato ya isa. Rigunan kuma a leda fara na ratsa Deira da su.

Ogan ya isa Jos cike da iskar Dubai, ban taɓa ko numfashi ɗaya ba. Abin da na koya a tsufana shi ne, akwai abin da zamansa fanko shi ne aikinsa. Mai ɗakina ta ce da ma ta daɗe tana zargin haka game da kaina.