Yadda Ake Auna Awaki Daga Gindin Mangwaro

Kai ɗalibin shekarar ƙarshe da aka ce ba digiri sai ka yi bincike, matso kusa. Shekara ashirin da uku ina kiwon awakin gonar jami'a. Ban wuce firamare ba, sauran karatuna a jikin buhun taki da tsofaffin jaridu na same shi, amma ɗaliban da suka wuce ta gabana sun fi ɗari huɗu. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fito da littafi mai baƙin bango da rubutun zinare, ba tare da kashin akuya ya taɓa takalminka ba. Kolapo Ajagbe ya bi su bara, da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Nemi malamin da aiki ya danne

Kolapo ya zaɓi Dakta Fadairo, mai duba ɗalibai talatin da ɗaya. Da ka shiga ofis ka zube, ƙirji a kan siminti, yadda aka koya maka gaida manya a gida. Ka daɗe a kwance. Malamin da ya saba ganin ƙeyarka ba zai san yadda idonka yake ba in kana ƙarya.

Aikin da aka ba shi ko yaro zai gane. Awaki goma sha biyu, shida a ba su ciyawa, shida a haɗa musu da busasshen ɓawon rogo. Duk Juma'a a ɗora kowace a sikeli, a rubuta, har mako goma sha biyu. Shi ke nan abin da ƙasa take nema daga gare shi bayan shekara biyar.

Mataki na 2: Je gona sau ɗaya, da farin takalmi

Ranar farko ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin awaki, ya toshe hanci.

"Baba mai awaki, wacce ce ba ta tunkuyi?"

Na ce, "Shigo ka tambaye su. Ga sikelin can a rataye."

"Haba Baba, dubi takalmin nan fa. Jawo min ɗaya nan waje. A'a, ba wannan ba, mai tsabta."

Na riƙe masa ita, ya dafa bayanta da yatsa biyu, ya ɗauki hoto. Hoton nan shi ne shafi na arba'in. Kada ka raina shi, shi kaɗai ne gaskiya a littafin.

Mataki na 3: Koma gindin mangwaro

Bayan ɗakin karatu akwai bishiyar, da benci uku. A nan ake yawancin binciken jami'a. Za ka tarar da wanda ke cike takardun tambayoyin da aka ce manoma ɗari biyu su amsa, shi kaɗai, yana sauya biro. Zauna kusa da shi, ka sayi dafaffiyar gyaɗa, ka ba kowace akuya ƙarin rabin kilo duk mako a takarda. Masu cin ciyawa zalla ka rage musu kaɗan.

Akuyar takarda ta fi ta Allah biyayya. Ba ta zawo, ba ta ƙin abinci, ba ta cin igiya.

Mataki na 4: Sanar da mahaifiyarka da wuri

Wannan shi ke sa ba ja da baya. Tun mako na biyar Kolapo ya ce wa tasa an gama. Iya Kolapo mai tuyar garin rogo ce, shekara biyar tana tsaye a kan wuta saboda ranar bikin yaye shi. Ta je Iseyin, garin masaƙa, ta sa aka saƙa anko na mata arba'in, shuɗi da ruwan goro.

Har gona ta zo da kwanon amala da miyar ewedu, wato lalo, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, na zo godiya. Ya ce kullum kuna tare cikin awakin nan. Ina fata dai ba ya wahalar da kansa da yawa?"

Na ce, "Mama, ko kaɗan."

Ta tafi tana murna.

Mataki na 5: Kada ka saurari tsoho

A mako na takwas akuya mai lamba bakwai ta haifi biyu. Da cikinta aka sayo ta, ba wanda ya lura. Na kira shi a waya sau uku. A na ukun ya ɗauka.

"Kolapo, zo ka ga lamba bakwai."

"Baba, ina tsakiyar nazari. Ka gaishe min da ita."

Ina jin muryar mai gyaɗa a bayansa.

Mataki na 6: Ranar kare aiki, sa kwat

Ka haddace sunayen Turawa huɗu, ka riƙa jefa su. Yawanci nan maganar ke ƙarewa. Kolapo dai ya gamu da Farfesa Oyewusi, wata tsohuwa da aka gayyato daga wata jami'a, wadda ubanta dillalin awaki ne. Masinjan sashen ya ce min ta daɗe tana kallon jadawalin kafin ta ɗago.

"Ɗana, awakin nan naka sojoji ne? Tare suke ci, tare suke ƙiba?"

"Ma, haka sakamakon ya nuna."

"To tashi mu je mu gaishe su."

Sai ga su a gona, ita a gaba da ɗaurin kanta, Dakta Fadairo a baya yana share gumi. Ta shige ɗakin kai tsaye. Kolapo ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Nuna min lamba bakwai."

Ya nuna bunsuru.

Ta kama kunnen wadda 'ya'ya biyu ke tsotso, ta karanta lambar. "Ka rubuta ta ƙaru da rabin kilo a mako na takwas. Ta sauke biyu, ta ƙara nauyi? Ni na haifi biyar, ban taɓa jin wannan ba."

Sai idonta ya kai bango, inda layukan lambobi goma sha biyu suke a rubuce da gawayi. Ta juyo gare ni. "Baba, wannan fa?"

Na ce, "Mama, sikeli yana rataye, Juma'a tana zuwa, ba wanda ya ce in daina. Ni nake aunawa."

Ta bi lambobin da yatsa, ta duba littafin, ta sake duba bangon. Sannan ta ce, "Masu cin ɓawon sun fi abin da ka ƙaga ƙiba. Ka yi ƙarya, kuma ƙaryar ba ta kai gaskiyar kyau ba. Taku huɗu ne daga inda kake tsaye, da ka kwafa."

Mataki na 7: Sake zubewa

Ya zube daga inda yake, ƙafafu a waje, ƙirji da haɓa a ciki, cikin abin da awaki goma sha huɗu suka tara tun safe. "Ma, don Allah, mahaifiyata ta riga ta yi anko."

Ta ce, "Sai ta ajiye shi. Yadin Iseyin ba ya lalacewa a shekara ɗaya."

Ka lura, takalmin bai taɓa komai ba. Alkawarina ya cika. A kan kwat ban ce komai ba.

Abin da ba ruwana da shi

Duk wanda ya bi matakan nan aka mayar da shi baya shekara guda, kada ya zo min da kuka. Ba ni na haife shi ba, ba ni na saya masa farin takalmi ba. Ba ruwana da mata arba'in da aka bi gida gida aka ce su ninke yadinsu, ba ruwana kuma da abin da uwa ta faɗa wa ɗanta a gaban awaki, wanda ba zan rubuta ba.

In kana son jin sauran daga bakin mai shi, zo ranar Juma'a da safe. Za ka same shi da takalmin roba, yana kokawa da bunsuru a gaban sikeli. Matar da ke zaune kan benci a bakin ƙofa, sanye da shuɗi da ruwan goro, mahaifiyarsa ce. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga, kuma ba ta tashi sai ta ga akuya ta goma sha biyu ta sauka daga sikeli.