Sojan Roba Mai Hula a Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare tsarin bincikena na digiri na biyu ba, a wani ƙaramin ɗakin taro na jami'armu da ke unguwar Lembah Pantai, a ƙasar wajen da na je karatu. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Tarihi nake karantawa, kuma na zaɓi yin bincike a kan jiragen yaƙin da suka sauka a ƙasashen 'yan ba-ruwanmu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jirgi zai je jefa bama-bamai, a lalata masa inji ko mai ya ƙare, matuƙin ya ga ba zai kai gida ba, sai ya lallaɓa ya sauka a ƙasa irin Suwizalan. Su kuma doka ta hana su sakin mutanen su koma fagen daga, sai su tsare jirgin da mutanensa. (Ina jin abin da ya ja ni ke nan: mutane a ƙasar da ba tasu ba, ana ba su abinci, suna jiran takarda. Duk ɗalibin da ya taɓa jiran sabunta biza zai gane.)

Ni ba mai magana ba ne. Yaya Bashir, babban ɗalibi ɗan Kano da muke gida ɗaya a unguwar Pantai Dalam, yakan ce sai an duba takalman ƙofa ake sanin ina ciki. Abin da nake taƙama da shi a zuci guda ne: ba na rubuta abu sai na duba shi sau uku.

Wata huɗu kafin ranar na ci karo da wani hoto baƙi da fari a shafin masu sha'awar jiragen sama. Jirgi ne mai inji huɗu a kan ciyawa, duwatsu a bayansa, fiffike ɗaya duk ramukan harsashi. Mutum biyar na tsaye a gefensa. Ɗaya ya ware kansa, ya sunkuyar da kai, ya riƙe hula a ƙirji. Na ƙara girman hoton na karanta lambar wutsiyar, na nemo ta a jerin jiragen da aka tsare, ta dace. Na ƙirga tagogi. Na gwada siffar bindigogin da littattafai biyu. Komai ya yi daidai, don haka na zauna na rubuta shafi bakwai a kan mai hular nan: karayar zuciyarsa, da kewar gida, da yadda kafaɗunsa suka faɗi. Farfesa mai duba aikina ta karanta rubutun, amma hoton ban nuna mata ba. Wai ina so ya zo wa kowa da bazata.

Kwamitin da zai saurare ni mutum uku ne, har da Farfesa. In sun amince, in ci gaba da aiki. In sun ƙi, sai zangon karatu na gaba, da sabuwar biza, da bayanin da ban san yadda zan yi wa mahaifina ba.

Na fara a ɗarare, amma da hoton ya cika allo sai na samu ƙarfi. Ni da ko sallama a hankali nake yi, ranar har da nuni da hannu. Na ce su dubi wannan bawan Allah, a jikinsa kaɗai za a karanta ma'anar tsarewa.

Dakta Tan, tsoho mai furfura da ke shugabantar kwamitin, ya gyara tabarau ya ce in ƙara girman wurin mutumin. Na ƙara. Ya ce in ɗan ƙara. Ya tambayi inda na samo hoton, na faɗa masa. Sai ya nemi a ba shi minti biyu, ya fita. (A lokacin na ɗauka littafi ya je ɗaukowa don ya ƙarfafa maganata. Har na ɗan yi wa Yaya Bashir murmushi, yana zaune a kujerar baya.)

Da gwangwanin biskit ya dawo. Ya buɗe, ya laluba, ya ciro wani abu da bai kai rabin ɗan yatsana ba, ya tsayar da shi a kan tebur.

"Wannan ne mutuminka?"

Shi ne. Kai a sunkuye, hannu a ƙirji, kafaɗu a faɗe. Na roba.

Ba tare da dariya ba ya yi bayani. Shekara da shekaru yana haɗa ƙananan jiragen roba a ranakun hutu, kuma waɗannan mutane biyar a kwali ɗaya ake sayar da su, shi a wani shago a unguwar Sentul ya sayi nasa. Wani gwani ne ya haɗa jirgin, ya yi ciyawar da soso, ya jingina hoton duwatsu a baya, ya ɗauka da baƙi da fari. Lambar wutsiya kuwa dole ta dace, domin masu wannan sha'awa su ma sau uku suke duba abu.

Da na yi shiru a nan da na rage asara. Amma sai na ji bakina yana cewa ko ba komai ai wanda ya ƙera shi baƙin ciki ya so nunawa, tunda ga hula a ƙirji.

"Ai ba hula ba ce," in ji Dakta Tan. "Tsumma ne. Makanike ne, hannu yake gogewa."

Farfesa ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Na ukun ya duƙufa a kan takardarsa kamar mai neman allura. Daga baya na ji kujera ta motsa, Yaya Bashir ya fice da sauri, kuma bangon ɗakin ba shi da kaurin da zai tare dariyarsa.

Sun amince da tsarin, bisa sharaɗin in cire shafi bakwai ɗin, in kawo cikin mako uku bayanin yadda zan riƙa tantance asalin kowane hoto. Da za mu fita Dakta Tan ya saka mini makaniken a tafin hannu ya ce in riƙe, yana da wasu biyu.

A shagon shayi da abinci da ake kira mamak da rana, Yaya Bashir ya tura mini kofin shayi ya ce, "Sha, Kaftin. Allah ya ji ƙan mutanenka, ya sa roba ta huta." Sunan ya bi ni har na gama.

Na ƙirga tagogi, na auna bindigogi, amma ban taɓa tambayar ko wa ya riƙe kyamarar ba. Yanzu da wannan nake farawa. Makaniken yana nan a kan teburina, kansa a sunkuye har yau. Na daina fassara masa zuciya, amma ina zargin kunyata yake taya ni ji.