Ranar Da Almakashin Kaka Ya Ci Takarda

"Lafiya lau na kwana, maigida, sai dai ɓarawo ya shiga ɗakina," in ji Kaka. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan a kan sanda. "Na biyo sawunsa, kuma a nan sawun ya ƙare."

"Ashsha," in ji jikan nata, bai ko ɗago kai ba. "Me aka ɗauke miki, amarya? In haƙora ne, an daɗe da yin wannan satar, kuma ba ni ba ne."

"Haƙorana aro na ba da su. Kai da kake da naka cike da baki, me ka taɓa taunawa na guminka?"

Ɗakin da suke ciki, wanda ke dab da ƙofar gida, a da shi ne shagon ɗinkin Kaka. Nan kekenta ya zauna har ƙafafunsa suka yi rami a siminti. Da ta daina karɓar ɗinki aka lulluɓe keken da tsohon zane aka tura shi lungu, jikan ya gaje ɗakin. Saurayi ne dogo, ya gama karatu, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, sannan ya dawo ya kama yanke-yanken takarda: katunan gaisuwa masu furen da ke miƙewa in an buɗe, littattafan manna hotuna, da allunan ado na bango. Kaka ce ta raɗa masa Mai Gam, sunan kuwa ya bi shi, don duk wanda ya gaisa da shi sai ya yi da gaske yake karɓar hannunsa.

Ran nan da hantsi ɗakin ba wurin sa ƙafa. Guntayen takardu ja da kore da ruwan ɗorawa sun rufe ƙasa, kwalbar gam a buɗe ƙuda na shawagi a kanta, ga wani babban allon kwali jingine da bango. Shugabar wata makarantar yara ce ta sa shi ya yi wa ajin ƙanana, da yamma za ta aiko a ɗauka. An riga an manna masa bishiya, da rana mai murmushi, da wasu dabbobi waɗanda sai mai su ya faɗa maka sunansu.

Kaka dai ba kallon allo ya kawo ta ba. Idon nan nata, da take cewa ba ya gani duk sanda aka miƙo mata magani, tuni ya hango baƙin ƙarfe yana leƙowa daga ƙarƙashin cinyar Mai Gam.

"Ɗaga ƙafarka."

"Ƙafar ta ƙage, amarya."

"Sandar nan maganin ƙagewa ce. Ubanka ma da ita ya warke."

Ya ɗaga. Ga shi nan kwance, babban almakashinta na yanka yadi, mai nauyi, mai baƙin mariƙi da ya yi sulɓi saboda hannu. Tun kafin a haifi uban Mai Gam take da shi. Kowa a gidan ya tashi da sanin dokarsa: ba ya taɓa gashi, ba ya taɓa farce, ba ya taɓa leda, takarda kuwa ko inuwarta, don tela ya san ba abin da ke dakusar da almakashi kamar takarda. Ta daɗe ba ta yanka komai da shi ba, amma duk ƙarshen mako sai ta buɗe gwangwaninsa ta ɗiga masa man keke, ta goge, ta naɗe shi a ƙyalle. Keken ta yarda an lulluɓe, ɗakin ta yarda an karɓe. Shi wannan ne kaɗai ya rage da take dubawa ta ce har yanzu ita tela ce, hutu kawai take yi.

"Kafin ki ce komai," in ji Mai Gam, "ba sata na yi ba. Da ƙafarsa ya zo. Ina zaune na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga shi baki hangame. Ya ce in taimaka masa ko da guntun kwali ne, tsohuwar nan ta kulle shi a gwangwani ba ci ba sha, sai mai take ta shafa masa, yunwa za ta kashe shi."

"Da yake kai ne mai ciyar da mayunwata. Ni matarka ta gida, yaushe rabon da ka yi mini cefane?"

"Ba na kawo miki kati da kika yi zazzaɓi ba?"

"Kati. Wai 'Allah ya ƙara sauƙi', an barbaɗe shi da ƙyalƙyali. Har na warke ina tsintar ƙyalƙyali a cikin shayina. Likita ya haska bakina da tocila, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani."

"Shi ya sa kika ƙara kyau. Kullum kina walƙiya."

"Ni da kyauna aka haife ni. Lokacin da nake zaune a ɗakin nan, maza da gangan suke tsinke maɓallan rigunansu a bakin ƙofar can don su samu su shigo. Akwai wanda ya dinga yage aljihunsa har rigar ta ƙare, ya koma zuwa da ta maƙwabcinsa."

"Ga shi duk sun gudu sun bar ni da wahala."

"Kai ma don babu ne na karɓe ka. Miji ƙato, yana zaune yana yi wa samarin wasu katin soyayya, shi ko akuya ba ta taɓa waiwayo ta dube shi ba. Ina naka almakashin, mai jan mariƙin roba?"

Ya laluba cikin takardu ya ɗago shi, ɓari ɗaya a dama, ɓari ɗaya a hagu. "Kwalin ne ya fi ƙarfinsa."

"Halinka ya ɗauko. Aiki ya yi tauri, ya rabu biyu ya kwanta." Ta nuna allon da sanda. "Wannan kuma mece ce?"

"Raƙumin dawa."

"Akuya dai, da ta sa kai a tulu aka finciko ta. Wancan fa?"

"Zaki ne, Kaka."

"Allah sarki. Ya sha jinya."

"Yara za su gane shi."

"Yara za su yi kuka, iyaye su kwashe 'ya'yansu, makarantar ta rufe, a zo a tambaya jikan wa." Sai ta sauke sandar, muryarta ta canza. "Me da me ka yanka da shi?"

Mai Gam ya sosa ƙeya, gam ya riƙe masa gashi. "Bishiyar kawai."

"Kawai?"

"Da ranar."

"Ina ji."

"Da marasa lafiyan nan duka."

Nan ran Kaka ya ɓaci da gaske, ba na wasa ba. Shekara da shekaru tana kare wannan ƙarfe daga 'ya'ya da surukai da maƙwabta masu zuwa aro, har uban wannan yaron ya taɓa kwana da kumburarren kunne a kan ya yanka takardar jirgin wasa da shi. Yau ga shi an wayi gari ya ci kwali mai kauri tun safe. Ta zauna a kan kujerar roba ba tare da ta duba ba, wata jar zuciyar takarda ta manne mata a zane.

"Miƙo mini buhun can na bayan ƙofa. Yanzu za ka ga ta'asar da ka yi, kuma in ya mutu, yau auren nan ya ƙare."

"Wa zai saki wani? Ni ma na gaji. Mace ba girki, ba wanki, sai duka."

Buhun ragowar ƙyallayenta ne, har yanzu yana nan. Ta zaro wani yanki mai ɗan kauri, ta shimfiɗa a cinya, ta ɗauki almakashin. Ya yi mata nauyi fiye da yadda ta san shi. Babban yatsanta, da gaɓarsa ta kumbura, da ƙyar ya shiga zoben. Ta buɗe bakin, ta sa ƙyallen, ta matsa. Ƙyallen ya lanƙwashe ya shige tsakanin kaifin biyu. Ta zare, ta gyara zama, ta ciji leɓe ta sake matsawa. Almakashin ya tauna gefen ya saki.

"Ka gani ko? Ka kashe shi. Almakashin da in ya ji ƙamshin sabon yadi da kansa yake buɗe baki. Da shi na yanka rigar da uwarka ta shigo gidan nan da ita. Ka mai da shi cokali."

Mai Gam ya sha jinin jikinsa, wasan ya fita daga kansa. "Haba dai. Kawo in gani."

Ya karɓa, ya kama gefen ƙyallen, ya tura. Sharrr, almakashin ya ratsa yadin daga wannan baki zuwa wancan, ko zare ɗaya bai tsaya ba. Ƙyallen ya rabu biyu ya faɗi a tsakaninsu.

Kaka ba ta dubi ƙyallen ba, hannunta ta duba. Babban yatsan yana zugi; hannun ne ya gaza, ba almakashin ba. Ta daɗe tana gaya wa mutane ta daina ɗinki ne don matan yanzu ba su san ɗinki mai kyau ba. Ta kuma san dalilin da ya sa take shafa mai ta naɗe, ba ta taɓa gwadawa ko a kan tsumma ba. Yau ta gwada, a gaban yaro. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Shi ma ya gane. Da sauri ya ɗauki wani ƙyallen, ya karkatar da almakashin, ya sa shi ya tauna. "A'a, gaskiyarki. Dubi. Ɗazu sa'a na yi. Wallahi ya dakushe, na cuce ki."

Ta dube shi ta gefen ido. Ƙyalƙyali a girarsa, hancinsa yana buɗewa yana rufewa, daidai yadda na ubansa ke yi in yana ƙarya. Tausayin yaron ya kama ta, dariya kuma tana neman ƙwace mata.

"Aiki ba ka iya ba, zaki ba ka iya ba, ƙaryar ma ba ka iya ba. Me aka koya maka a makarantar ne?"

"Haƙuri da tsofaffin mata."

Ta ja tsaki, ta share gefen ido da bakin mayafi, wai ƙyalƙyali ne ya faɗa mata. "To na ji, ya mutu. Ni kuwa mataccen almakashi ba ya kwana a ɗakina. Riƙe kayanka. Mataccen almakashi, malalacin miji, kun dace."

"Kaka..."

"Kada ka ce mini komai. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadona, man yana ciki. Duk ƙarshen mako ka ɗiga masa a kan ƙusar tsakiya, ka goge. In na ji ka yanka waya da shi, ko ka ba wani aro, ko ina kabari sai na zo na ja kunnen nan."

Ya riƙe almakashin da hannu biyu, ya rasa inda zai sa ido. Can ya ce, "To tunda kin zauna, kuma kin zauna a kan zuciyar mutane, ki gyara mini akuyar nan mana. Da yamma za a zo."

Ta ɓamɓare jar zuciyar daga zanenta ta manna masa a goshi. "Ba ni kwali. Buɗe akwatin keken can, akwai allin awo."

Alli dai bai fi ƙarfin yatsunta ba. Ta ɗora kwalin a cinya, ta ja dogon layi, ta lanƙwasa, ta sauko. Mai Gam ya karkata kai yana kallo.

"Amarya, wannan wuyan ai hannun riga ne."

"Ka taɓa ganin raƙumin dawa?"

"A hoto."

"Ni na ga hannun riga da idona. Yanka."

"Ƙafafun kuma wando ne."

"Gara ya je makaranta da sutura. Yanka, ka bi layi, kada ka ci mini alli."

Ya sa almakashin ya fara. Ƙaras, ƙaras, ƙarfen yana bin farin layin a hankali, guntayen kwali suna zuba a ƙafarta. Kaka ta jingina da bango ta lumshe ido. Rabonta da jin wannan ƙara a ɗakin nan har ta manta, kuma ba ta zaci za ta yi mata daɗi haka ba.

"Ya ci?" ta tambaya, ido a rufe.

"Ya cinye tas. Wai a ƙaro."

Kaka ta tuntsire da dariya har dasashinta ya bayyana. Ta sa sanda ta turo masa wani kwalin.

"Ba shi," ta ce. "Ya daɗe da yunwa."